Karatun Mita

"Ga shi can kuma," in ji matar direba, ta ɗage labulen taga. Tsohon da ke ɗakin ƙarshe ne tsaye a ƙofar gidan maƙwabta, ya kanga hannu a goshi yana leƙen bango, leɓensa na motsi.

Ba ta daɗe da tarewa a gidan hayar ba aka sace mata injin markaɗe da rana tsaka. Tun ranar ta sa masa ido. Da safe zai fita, ya bi gida-gida, sai la'asar ya dawo yana jan ƙafa.

Ta tare 'yarsa, mai kitso, a bakin famfo.

"Baiwar Allah, me Baba yake nema a gidajen mutane?"

"Ba komai, Yaya. Karatun mita ne."

"Kowa a layin nan haka yake cewa. Miji ya ƙi zaman gida, karatun mita. Akuya ta ɓalle, karatun mita. Gantali dai kuke nufi?"

"Gantali mana. A wurinsa aka samo kalmar. Aikinsa ke nan a kamfanin wuta kafin ya yi ritaya. Da mantuwa ta kama shi sai ya koma zagayensa."

"Mitocin da aka cire tuntuni? To wa yake kai wa rahoto?"

Mai kitso ta ɗauki bokitinta ta wuce.

Matar direba ta kai ƙara wurin mai gidan. Ya ce ko a tsare tsoho ko shi da 'yarsa su tashi. Mai kitso ta sayo kwaɗo.

Da farko ya yi ta jijjiga ƙofa. "Ku buɗe min, zan makara!" Daga baya ya yi shiru. Abinci ma ya koma fitowa yadda ya shiga. Wata safiya matar direba na shara ta ji salatin mai kitso.

Masu gaisuwa sun cika tsakar gida har waje. Wata tsohuwa ta ce, "Da na daina ganinsa a ƙofata na san ba lafiya." Matar direba ta yi ta bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, ko za ta gane ɓarawonta a ciki. Ba ta ga komai ba sai jajayen idanu.

Da jama'a suka ragu, mai kitso ta wanke rigar aikinsa ta shanya a igiyar tsakar gida. Matar direba ta fito da nata wankin a kafaɗa, ta ja ta tsaya. Ruwa na ɗiga daga aljihun rigar a hankali.