Na Gyara Muryar Buba

Wuri ɗaya tak muryar Buba ta rage a duniya, cikin kwamfutata, kuma ni da hannuna na ɓata ta.

Sunana Sadi, ina da situdiyo a Talata Mafara. Situdiyo dai sunan girma ne. Zauren gidanmu ne na liƙe wa bango da soso da kwalayen ƙwai, na ajiye sifika biyu da makirfo ɗaya da wata kwamfuta da ta tsufa har nishi take yi. Da rana nake aiki, don wutar solata ba ta ganin magariba. Waƙoƙin biki ne abincina: a yabi amarya, a yabi uwar ango, a lissafo ƙawaye kaf kada wata ta yi fushi.

Wata Talata, ranar kasuwa, wani dogon Bafillace ya yi sallama da buhun taki a kafaɗa. Na ɗauka masara ya kawo. Sai ya zaro jita mai aiki da lantarki, duk fentinta ya kwaile. Ya ce sunansa Buba, daga Dosara ta ƙasar Maradun, kuma waƙar rok yake so ya yi, irin ta Turawa mai ihun jita. Na yi dariya har na riƙe ciki. Rok a Mafara! Bai ji haushi ba, ya jona wayar jitarsa kawai ya kaɗa.

Dariyar ta tsaya mini a wuya. Jitar tana kuka tana gurnani, sosan bango har rawa yake yi. Waƙar a kan burtali ce, hanyar shanun da ya bi tun yana ƙarami, wadda yanzu ba mai iya bi. Muryarsa kuwa kaushi gare ta kamar faso, in ya hau sama sai ta tsage, ya ja numfashi da ƙarfi ya ci gaba. Na haɗa masa ganga a kwamfuta, ya kaɗa jita sau uku kowace a layinta, ya rera sau ɗaya. Na ce a sake. Ya ce a'a.

“Malam Sadi, wanga kiɗi ba na rawa ba na,” in ji shi, yana mayar da jitar cikin buhu. “Ka bar shi da dusatai. In munka yanke gero ina dawowa in amsa.”

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa mai kawo aiki.

Kwana huɗu na yi ina haɗa sautin, kuma ba yabon kai ba, jitar ta fita. Cikin layukanta uku na jefa ɗaya dama, ɗaya hagu, na bar ta uku a tsakiya tana ihu. Na rage wa gangar ƙarar gwangwani, na ba ta nauyi har sai ka ji ta a ƙirji. Da na iso kan murya sai hannuna ya bi abin da ya saba. A garin nan ba a fitar da waƙa ba ototun, wato na'urar da ke miƙe murya ta sa ta santsi tana ƙyalli. In ka fitar babu shi, sai a ce kayan aikin Sadi sun lalace. Sunana na ji wa tsoro, gaskiyar magana ke nan. Na murɗa ototun har ƙarshe, na yanke duk inda ya ja numfashi, na kankare kaushin, na zuba amsa-kuwwa. Buba ya koma yana rera waƙa kamar kowane yaro mai waƙar amarya.

Na yi mastarin, wato matsewar ƙarshe da ke dunƙule duk layukan su zama abu ɗaya mai ƙara. Sannan na yi abin da nake yi wa kowace waƙa in ta kammala: na goge ɗanyen aikin, don kwamfutar ta cika, ga bukukuwa uku a gabana. Ko ɗar ban ji ba.

An yanke gero, Buba bai zo ba. Wadda ta zo ƙanwarsa ce, Nazifa. Ta tsaya bakin zaure muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya iyali, ya aka ji da jama'a, tana amsa lahiya lau idonta a ƙasa. Sai da gaisuwa ta ƙare ta gaya mini. 'Yan bindiga sun tare motarsu a hanyar kasuwa. An kai Buba makwanci kwana ashirin da suka wuce. Wayarsa ma da ita suka tafi, kuma shi ba mai tura saƙon murya ba ne, kira yake yi.

“Inna ta aiko ni,” ta ce. “Ka san shi ɗan hwarinta na. Ko sunanai ba ta hwaɗi. In shina waƙa cikin gida, sai ta ɗauki ƙwarya ta hita, don kunya, ta bayan danga ɗai taka jiyo shi. Yanzu ta ce tana so ta zamna ta ji muryatai, ko sau guda. Mun komo Maradun. Ka taho muna da ita ran sadakar arba'in.”

Na ce in sha Allahu. Ban iya gaya mata ba. Tana fita na kunna waƙar, na ji wani ɗan gayu mai murya kamar an shafa mata mai yana rera kalmomin Buba. Gyaran gangar Auzinawa na yi, ba wani suna da za a ba shi.

Na tono kwandon sharar kwamfutar, wayam. Washegari na saka ta a jaka na hau mashin zuwa Bakura, wurin Auwalu mai gyaran waya, wanda aka ce ko memori ya faɗa rijiya yana dawo da abin da ke ciki. Ya jona ta da tasa, muka zauna muna kallon wani koren layi yana rarrafe tun hantsi har la'asar. Abin da ya fito guntayen waƙar wata amarya ce, ana lissafa ƙawayenta.

“Ka zuba sabon aiki bisa wurin da tsohon yake,” Auwalu ya ce. “Da ka taho tun ranar da kag goge, da wata magana ta. Yanzu kam sai haƙuri.”

Na tsani amaryar nan, baiwar Allah da ban taɓa gani ba, na tsani ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya.

Ban daddara ba. Na samo wata manhaja mai raba murya da kiɗa, na ciro muryar ita kaɗai. Ta fito siririya kamar daga cikin tulu, ototun ɗin na nan daram, don ya riga ya shiga jikinta. Na zauna ina lanƙwasa ta da hannu, gaɓa bayan gaɓa, ina ƙara mata kaushi na ƙarya, ina neman inda ta tsage in sake tsaga ta. A nan ne abin ya fi ci mini rai. Na kasa tuna inda ta tsage. Na saurari gyararriyar ta fi sau ɗari, ta hau kan ta gaskiyar a cikin kaina ta danne. Mutumin ya tsaya gabana taku biyu ya rera, ni kaɗai na ji shi a ranar, amma in na rufe ido ɗan gayun nan nake ji. Na kifa kai a tebur na yi kuka, ni da gemuna.

Abin da na lanƙwasa ya fi na farko muni, kamar mai kwaikwayon mamaci don a yi dariya. Na watsar da shi. Ranar arba'in na ɗauki wadda na gama tun farko da ƙaramar sifika na nufi Maradun, ina ta shirya yadda zan yi bayani a hanya. Har na isa ban sami kalma ɗaya mai amfani ba.

Gidan wani ɗan'uwansu ne suka raɓa, ɗaki ɗaya da rumfar kara. An gama addu'a, maza sun watse, ana kwashe ƙoren gumba. Nazifa ta kai ni gaban Inna, wata 'yar tsohuwa fara mai tsagen fuska, zaune a kan tabarma. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah shi jiƙan shi. Ta amsa a hankali. Ta sa aka kori kaji, ta ce matan da ke wanke-wanke su dakata.

Na danna. Jitar ta shigo da gurnaninta, wata mata ta ce wayyo. Sai muryar ta biyo. Na ga Nazifa ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi sifikar, ta sake dubana, bakinta a buɗe. Na mayar da idona kan tabarma. Minti biyar waƙar take, ban taɓa sanin minti biyar na da tsawo haka ba. Inna ba ta motsa ba har jitar ta yi kukanta na ƙarshe ta mutu.

“Madalla,” ta ce. “Wanga yaro ma shina da murya, Allah shi raya ma uwatai shi. To ɗana, mun ji wagga. Sa mani ta wanda kaz zo dominai.”

Ta gyara mayafinta, ta matso da kunnenta kusa da sifikar, tana jira.