Kabarin Inna a Gilashin Kallamu

A Asata aka haife ni, cikin Enugu, amma ban taɓa ganin kabarin mahaifiyata ba sai ranar da za mu bar garin. Kun san mata ba sa raka gawa. Inna Yelwa ta rasu da damina, maza suka kai ta, suka dawo suka ce mini, "Tana can gefen tudu." Gefen tudu! A Enugu ina ne ba gefen tudu ba?

Shekarar sittin da shida ce. Kashe-kashen da aka yi a Arewa sun sa gari ya ɗauki zafi, aka ce duk ɗan Arewa ya tattara, jirgin ƙasa zai kwashe mu. Kowa na ɗaure kaya, ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Kabarinmu ba suna ba rubutu, ruwan sama ma ya isa ya shafe shi. In Allah ya dawo da mu, a ina zan ce Inna take?

Mijina Kallamu mai hoto ne, kyamara biyu gare shi. Akwai 'yar ƙarama ta ratayawa a wuya, da yake bin biki da ita. Akwai kuma babbar, akwatin katako mai ƙafa uku da zugazugi irin na maƙera, wadda in ka ɗauke ta sai ƙugunka ya ba ka labari. Da na faɗa masa damuwata, sai kawai na ga ya janyo babbar.

Na ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Gari na ci da wuta, za ka fita da wannan jibgegen abu? Ɗauki ƙaramar mana!"

Ya ce, "Fim ɗin ƙaramar bai fi farcen babban yatsanki ba, Zuwaira. Zai nuna miki tulin ƙasa ne kurum. Wannan kuwa fim ɗinta ya fi tafin hannuna, ko tsakuwa ba ta tsere masa."

Na yi tsaki, amma ni na ɗauki ƙafafun a ka, a naɗe cikin tabarma. Wajen kasuwar Ogbete samari suka tare mu, wai bindiga na ɗauko. Na sauke musu tabarmar, na wanke su tas da Igbo, don da shi na tashi. Suka ba mu hanya.

A bakin maƙabarta na ja na tsaya. Kallamu ya ce, "Shigo, Allah ya ga dalilinki."

Daga nan fa ya fara abin da ya kusa fasa mini zuciya. Ya kafa kyamara, ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle, ya fito, ya ɗauke ta, ya matsa. Ya sake kafawa. Ana jin motocin soja a kan titi, shi ko a jikinsa.

Na ce, "Haba Malam! Ga bishiyar kwakwa nan, sa ta a ciki mu tafi!"

Ya ce, "Bishiya ana sare ta. Kin ga fasasshen dutsen nan? Kin ga giɓin can a saman tudu? Su ba mai ɗauke su."

Sai da giɓin ya zauna daidai kan tsagar dutsen, kabarin Inna a tsakaninsu, sannan ya daina yawo. Ya ɗan karkata gaban kyamarar ƙasa, wai don na kusa da na nesa su fito rangaɗau gaba ɗaya. Ya ɗaga ƙyallen ya ce in leƙa.

A jikin gilashin da ke bayan kyamarar komai a kife yake, sama tana ƙasa, ƙasa tana sama. Ga kabarin Inna a bisa, har da ɓarin tukunyar da aka kafa wajen kanta, bakinta da ɗan giɓi. A nan cikin duhun ƙyalle na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwarta. Ya bar ni na gama, sannan ya zura fim ya ɗauka.

A tasha ba wurin kaya, mutane har kan rufin jirgi. Kallamu ya miƙo mini ma'ajin fim ɗin, na ɗaure shi a ƙirji cikin zane. Kyamarar kuwa ya bar ta tsaye kan ƙafafunta, bai ko waiwaya ba. Ashe tun safe ya san hotonta na ƙarshe ke nan. A Kano ya wanke shi a shagon wani, babba kamar faifai.

Bayan yaƙin basasa muka dawo. Wayyo, maƙabarta ta zama daji, gefe guda an shuka rogo, kwakwar nan ko kututturenta babu. Muka tarar da tsohon maƙwabcinmu Gwadabe yana ta zagaye, yana neman kabarin mahaifinsa, idonsa jawur.

Kallamu ya ba ni hoton ya ce, "Ke za ki nemo ta."

Na samo fasasshen dutsen. Na yi ta matsawa, dama, hagu, baya, ina duban hoto ina duban tudu, har giɓin ya hau kan tsagar. Gwadabe ya leƙo ta kafaɗata, sai ya sa salati, don ga kabarin mahaifinsa can baya a hoton, ya fito sarai har da duwatsun gefensa. Na dubi mijina, wallahi ji na yi kaina ya yi girma. Duk Enugu a nuna mini mai hoto irinsa!

Na taka gaba, na durƙusa, na yi ta tuge ciyawa da hannu. Yatsana ya taɓa bakin tukunya, na shafa na ji ɗan giɓin nan.

Na ce, "Inna, ni ce Zuwaira. Ban ɓatar da ke ba."