Murfin Kula Mai Buɗuwa da Hannu Ɗaya

Ranar Litinin da hantsi Manaja ya aiko a kira Auta. Tana shiga ofishinsa ta ga wata kula a kan tebur, shuɗiya, sabuwa fil, da tambarin wani kamfani a gindinta. Bai ce ta zauna ba.

"Buɗe ta," in ji shi.

Ta ɗora tafin hannu a kan murfin, ta danna, ta ɗan murɗa. Murfin ya ce ƙas, ya ɗago da kansa. Wata goma ta yi tana neman wannan ƙas ɗin. Aikinta ke nan a masana'antar robobi, ita ke zana bokiti da kofi da kwando kafin a sassaƙa ƙarfen da za a zuba narkakkiyar roba a ciki. Kular abincin da za a buɗe da hannu ɗaya kuwa tunaninta ne ita kaɗai. Tun da ɓarin jikin mahaifiyarta ya shanye take ganin tsohuwar tana matse kula tsakanin gwiwoyi, tana kokawa da murfi har abinci ya huce. Saura sati shida tasu kular ta fita kasuwa.

"Matata ce ta sayo ta jiya," in ji Manaja. "Har tana ba ni shawara, wai mu ma mu koyi irin wannan dabara. Mutum nawa suka ga zanen nan?"

"Ni da kai, yallaɓai, sai Dogo, sai masu sassaƙa ƙarfe."

"Masu ƙarfe gutsure-gutsure suke gani, ba su san abin da zai zama ba. Ni kuma ba zan cinna wa gidana wuta ba." Ya dube ta ta saman tabarau. "Saura biyu."

Ta ɗauki kular ta koma ɗakin zane. Dogo yana kan teburinsa, ya tanƙware a gaban kwamfuta kamar ƙugiya. Shekara huɗu suna ɗaki ɗaya: ita ta zana siffar abu, shi ya lissafa kaurin roba da zafin da za ta iya jurewa. Ya ɗago ya ga abin da ke hannunta, ya ce, "Ikon Allah," ya mayar da kai ƙasa.

Ikon Allah kawai? Auta ta zauna tana juya kalmomin nan biyu. Mutumin da in biro ya ɓace sai ya yi kwana biyu yana mita! Nan take abubuwan da ba ta taɓa lura da su ba suka fara jeruwa a ranta. Kwanan nan in wayarsa ta yi ƙara sai ya fita baranda ya rufo ƙofa. Ya yi sababbin takalma. Sau biyu ya nemi izinin rabin yini, wai haƙori ne ke damunsa, ga shi kuwa yana gurgurar ƙanƙara a kofi kamar mai taunar alewa.

Kwana biyu suna gaisawa baki da baki, ciki na ciki. Ranar Laraba da ya fita cin abincin rana ta janyo durowarsa. Tana cikin birkita takardu ta ji tari a bayanta.

"Anti, in takardar neman aiki kike nema, tana ƙarƙashin wancan littafin," in ji Dogo. "Kamfanin fenti nake nema, ba masu kula ba. Shi ne ciwon haƙorin."

Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa hannunta.

"Kada ki damu," ya ce yana jan kujera. "Ni ma na duba taki jiya. Ban da bawon lemo babu komai a ciki."

Babu wanda ya yi dariya a cikinsu. Ta ɗauko ƙaramin zarto ta raba shuɗin murfin gida biyu, don dai ta samu abin yi da hannunta. Da ta kanga shi a hasken taga sai ta matso da shi kusa da idonta. Ƙaramin haƙorin da ke riƙe murfin a fiƙe yake ta gefe ɗaya, a karkace, har da ɗan zamewar wuƙa a ƙarshensa. Wannan fiƙar ba ta cikin kowane zane. Ita ta yi ta da wuƙar kicin, a falonta, a jikin samfuri na uku mai ruwan toka, ranar da ta kai wa Mama ta gwada ta ce ya yi mata tauri. Masu kwaikwayon sun kwafe har da kuskuren wuƙar. Ashe ɓarawon a gidanta yake cin abinci.

Ba ta ce wa Dogo komai ba. A mota tana ta ƙirga masu shiga gidan, ƙirgar kuma kullum a kan mijinta take tsayawa. Ba shi ne ya ɗauki hoton kular yana cewa zai yi alfahari da ita a wurin aikinsu ba? Wa ya nuna wa? Ta isa gida da la'asar, ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce kabad ɗin kicin. Samfuri na biyu yana nan, na huɗu yana nan, na biyar yana ɗakin Mama. Mai ruwan toka babu shi.

Ta sami mijinta a falo ya kifa fanka yana goge mata ƙura.

"Ina kular nan mai ruwan toka?"

"Wacce a ciki? Gidan nan kuloli sun fi mutane yawa."

"Wadda ka ɗauki hotonta. Ba ni wayarka in gani."

Ya ajiye tsumman a hankali. "Yau kuma ni ne abin bincike? To, sai ki faɗa mini laifin tukuna, kafin a yanke hukunci."

"Wa ka tura wa hoton?"

"Ƙanwata. Ta ce kyakkyawa ce, ta tambaya ko akwai ja."

"Ita kuma ta tura wa wa?"

Daga ɗaki muryar Mama ta fito, a ɗan karkace kamar yadda ciwon ya bar ta. "Auta! Zo nan. Ki daina yi wa mijinki tambayar 'yan sanda."

Mama tana zaune a bakin gado, hannun hagu a kan cinya kamar wanda aka ba ta ajiya. Ta ce, "Ni na bayar da ita."

"Wa kika ba, Mama?"

"Wata baiwar Allah da muke zama benci ɗaya a asibitin motsa jiki. Ni hannu ɗaya ne ya tafi, ita duka biyun rawa suke. Na ga tana buɗe kwano da haƙori, kin kuwa kawo mini sabuwa. In zuba mata ido?"

"Yaushe?"

"An fi wata biyar. Ɗanta ma ya yi ta sa miki albarka. Irin aikinki yake yi, in ji shi. Ya juya ta, ya juya ta, har ya tambayi inda kike aiki."

Auta ta zauna a ƙasa. "Mama, kin tabbata matar nan ba ta da lafiya? Ba zaunar da ita aka yi kusa da ke ba?"

Mama ta ce, "Ke kam zargi ya ci ki ya suɗe. Je ki ba mijinki haƙuri."

Ta ba shi. Ya ce ya wuce, amma da safe shi ya haɗa wa kansa shayi.

Abin da ya fi damunta ba satar ba ce. Ta san dalilin da ya sa ta bar samfuri na uku: haƙorin da aka fiƙe ya yi siriri, in zafi ya ratsa shi sakewa yake. Washegari ta gaya wa Dogo komai, ta nemi afuwarsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya aika aka sayo wata shuɗiyar, ya cika ta da tafasasshen ruwa, ya rufe, ya kifa ta a cikin baho, suka tsaya suna kallon agogo. A minti na goma sha takwas murfin ya ce ƙas shi kaɗai, ruwa ya kwararo yana tururi.

Manaja ya saurari labarin Mama daga bakin Auta yana kaɗa biro. "Tsohuwa, da benci, da ɗa mai albarka. Labarin ya yi daɗi da yawa." Amma da ya ji zancen minti goma sha takwas sai fuskarsa ta washe. "Ku bar su. Kada wanda ya ce uffan. In miya ta ƙona cinyar mutum goma, tamu za ta fito ta tarar da kasuwa a share. Daga yau kuma ko murfin biro ba ya fita ƙofar nan."

Ranar Asabar Auta ta ce wa mijinta ya huta, ita za ta kai Mama asibiti. Ta tafi ne da niyyar kama maƙaryaciya. Abin da ta tarar wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce, hannayenta suna karkarwa kamar ganye, kular nan mai ruwan toka a cinyarta, ta ɗaure mata igiya don rataya. Da ta ji ko wace ce Auta sai ta kama mata gefen riga, ta yi ta addu'a har muryarta ta dushe.

"Mama, kada ki ƙara zuba abu mai zafi a cikinta," Auta ta ce wa tsohuwar. "Sai ya huce."

Da aka tashi ɗan ya zo ɗaukar uwarsa. Mutum ne mai ƙiba, da biro biyu a aljihu. Yana ganin Auta kusa da Mama ya gane ta, ya tsaya nesa kaɗan kamar mai jiran mari. Ta matsa kusa da shi, ta rage murya.

"Haƙorin murfinku yana sakewa da zafi. Minti goma sha takwas. Ku ƙara masa kauri, ko ku janye ta."

Ya ƙanƙance ido. "Me ya sa za ki gaya mini?"

"Saboda masu sayenta irin mahaifiyarka ne."

"Ko kuma saboda taku za ta fito, kuna so mu tsayar da injinmu a banza." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Wa ya turo ki, 'yar'uwa?"

"Akwai butar shayi a gidanku, akwai agogo. Je ka gwada."

Ya kama hannun uwarsa suka wuce. Sau biyu yana waiwayowa.

Bayan sati uku shuɗiyar kula ta ɓace daga shaguna. Da ta dawo, murfinta ya yi kauri, ta kuma riga tasu cika kantuna. Manaja ya kira Auta da Dogo tare, ya rufe ƙofa da kansa.

"Wa ya hura musu a kunne?"

Dogo ya duƙufa yana nazarin tayil ɗin ƙasa.

"Wataƙila wani ya ƙone, yallaɓai," in ji Auta.

"Wataƙila," ya ce, ya daɗe yana kallonta.

A ƙarshen watan aka mayar da ita sashen kujerun roba, can bayan sito, inda ba a ƙirƙirar komai sai sauya launi. Ko ɗan tsohuwar nan ya yarda da ita ne ya gwada, ko kuwa da gaske wani ya ƙone kafin su farga, ba ta sani ba. Mama tana ganin matar kowace Asabar, ta sha cewa za ta tambayo mata. Auta ta ce a bar shi.