Injin Matsar Man Gyaɗa na Gwaggo Hajo

Malam Suhaibu, mai koyar da injiniyanci, ya ce bana babu jarrabawa. Kowane ɗalibi ya koma garinsu ya ƙera abin da zai rage wa mutane wahala.

Ɗalibinsa Mujahid ya koma Zoza, ya yi rabin shekara yana haɗa wa Gwaggo Hajo injin matsar man gyaɗa, don ta huta da murza tunkuza da hannu. Babu abin da bai auna ba, har tsayin gwaggon. Ƙofar zaure ce kaɗai bai auna ba. Ranar da aka kawo injin a amalanke ya ƙi shiga, maigidan kuwa ya ce ba za a fasa masa zaure ba. Gwaggo ba ta aiki a waje, sai aka bar shi a ƙofar gida.

Da Malam ya zo duba aikin, bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ta ko injin yana amfani.

"Ƙwarai, Malam," in ji ta daga bayan ƙyaure. "Tun da muka fara ɗaure akuyarmu a jikinsa ba ta ƙara tsinkewa ba."

Malam ya rubuta.