Hannu Mai Sanyi

Damtse goma sha bakwai Barira ta duba a safiyar Lahadin nan, ko ɗaya bai tashi ba. Fata sumul, sai ɗan zane kamar na ƙaya.

Mako uku ke nan da aka turo ta Jibiya daga Katsina, bayan ta gama koyon aikin lafiya. Agana ta ɓulla a ƙauyukan ƙetaren iyaka da ke hannun Faransa, aka ce duk mai tsallakowa cin kasuwa sai an yi masa lambar rigakafi a bakin iyaka. Maza suna wajen Malam Lado, wanda ya shekara goma sha biyu yana wannan aiki. Mata sun ƙi buɗe wa namiji damtse, shi ya sa aka kawo ta gwaji. Lamba in ta kama, wurin yakan kumbura ya ɗuri ruwa cikin mako guda. Ta Malam Lado tana kamawa. Tata ba ta kamawa.

"Ba laifinki ba ne, Malama," in ji Malam Lado, yana goge 'yar askarsa da auduga. "Hannun mace sanyi gare shi, kashe magani yake. Lahadi mai zuwa babban malamin tsabta zai zo. Zan ce masa kin iya wankin kwalabe, ba za a kore ki ba."

"Ban yi shekara biyu a Katsina don wankin kwalabe ba."

"To, ki ɗumama hannun mana."

Masu gadin kwastan suka kwashe da dariya. Barira ta ci gaba da aikinta. Ta san ta bi ƙa'ida: tsaga uku, ba zurfi, ba jini. Da ta sallami mace ta ƙarshe, sai ta rataya akwatin maganinta, ta bi ta a baya.

Matar ba ta nufi kasuwa ba. Ta zagaya bayan tsamiya, ta gangara cikin yashin gulbi. Can wata tsohuwa mai zanzana a fuska take zaune da kwandon lemun tsami, an yanyanka shi biyu-biyu. Ta kama damtsen matar, ta matse lemu a kan tsagar, ta murje da tsumma. Wasu mata biyar na jiran a zo kansu.

"Iya! Me kike yi haka?"

"Ma'u sunana, ɗiyata, kuma sallama aka fara yi." Tsohuwar ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Wanke masu nike."

"Ke da agana ta ci wa fuska? Kin fi kowa sanin abin da ake gudu!"

"Na sani. Ɗiya biyu ta ɗauke mani." Ma'u ta jefar da ɓawon. "Amma kaka muke ciki. Lambarku in ta kama, kwana goma hannu bai ɗaguwa. Namiji sai ya kwanta gindin itace a kai mashi fura. Mace fa? Wa zai yi mata sussuka, wa zai yi surfe? Ke 'yar boko, yaushe rabonki da taɓarya?"

Matan suka yi 'yar dariya. Barira ta dubi tafin hannunta, laushi kamar na jariri. Tun da aka kai ta makarantar kwana ba ta sake daka ba. Abin da ya fi yi mata zafi shi ne, mako uku tana kama damtsen matan nan, ba ta taɓa tambayar ɗayarsu aikin da ke jiran ta a gida ba.

Ta durƙusa cikin yashi, ta buɗe akwatin. Ta naɗe hannun farar rigarta, ta ɗiga magani a damtsenta na hagu, ƙasa da tsohon tabon lambar da aka yi mata a makaranta, ta tsaga sau uku.

"Iya Ma'u, Lahadi mai zuwa ki zo da turmi da tiyar gero. In na kasa surfa shi, ku ci gaba da lemunku, ni kuma in koma kwalabe."

"In kin iya fa?"

"Ki bar kwandon nan a gida."

Ran Laraba wurin ya fara ƙaiƙayi. Ran Juma'a ya ɗuri ruwa, kaluluwa ta fito mata a hamata, zazzaɓi ya rufe ta. Ba ta fasa zuwa aiki ba. Malam Lado ya ga tana ɗaukar akwati da hannu ɗaya, ya ce ko boko ce ta yi mata nauyi.

Ran Lahadi da hantsi aka kafa turmi a gindin tsamiya, mata suka yi da'ira. Barira ta ɗaura zane a kan rigar aiki, ta yayyafa wa geron ruwa, ta ɗaga taɓarya. Bugun farko sai da ta ga wuta a idonta. Na biyu ya kauce, gero ya fallatsa.

"Kaji sun gode!" wata ta ce.

Ta cije leɓe. A hankali jikinta ya tuno abin da ya koya a tsakar gidan uwarta: a saki kafaɗa, a bar nauyin taɓarya ya yi aikin. Tafinta ya yi bororo, bororon ya fashe. Dariyar ta ragu, ta ɗauke. Sai ta ji wata ta fara yi mata tafi daidai da bugun, wata ta karɓa.

Ba ta ji tsayawar mota ba. Da ta ajiye taɓarya, babban malamin tsabta na tsaye a bakin da'irar, Malam Lado na gefensa yana cewa, "Ka gani da idonka, ranka ya daɗe. Surfe take yi lokacin aiki."

"Malama Barira," in ji babban malamin, "an ce mini lambarki ko ɗaya ba ta kama ba."

"Ɗaya ta kama, ranka ya daɗe."

Ta janye hannun rigar. Damtsen ya yi suntum, ya yi jawur, ƙurjin na ƙyalli. Ya sunkuya ya duba da kyau.

"Wa ya yi miki?"

"Hannun nan nawa mai sanyi."

Ma'u ta tsoma hannu cikin turmi, ta murza geron, ta hure dusar. Ta daɗe tana kallon sa.

"Da saura," ta ce. "Amma an ci wanda bai kai shi ba." Ta jawo wata budurwa daga bayanta. "Jikata ce. Yi mata a hagu, da dama take tuƙa tuwo."

Babban malamin ya dubi matan da suka fara jeruwa, ya mayar da alƙalaminsa aljihu. "Zan dawo bayan mako biyu in ƙirga," ya ce.

Barira ta ɗauki 'yar askar. Hannunta na hagu ya ƙi ɗaguwa, ba ta da abin da za ta ja fatar yarinyar da shi. Ta dubi Malam Lado, ya kau da kai. Sai Ma'u ta matso, ta sa yatsu biyu ta miƙar mata da fatar. Har yanzu yatsun na ƙanshin lemun tsami.