Zango Na Huɗu Daga Semnan

Bibi Khawar ta haura saba'in ba ta taɓa ganin kabarin uwarta ba. Abin da mahaifinta ya bar mata kawai shi ne kwatance: zangon ayari na huɗu daga garin Semnan a hanyar Mashhad, a ƙasar Iran, bayan bangon ɗaki na uku ta hannun dama. A ɗakin aka haife ta, a nan kuma uwar ta cika. Shi ya sa in aka tambaye ta garinsu, sai ta ce ita 'yar hanya ce.

Bana ta tasa ɗanta Nosrat a gaba, direban babbar mota, har ya gaji ya ɗauke ta. Ta riƙo kwalbar ruwan wardi guda don ta wanke kabarin.

Tafiyar kwana huɗu a raƙumi, mota ta cinye ta kafin azahar. Abin ya ɗaure mata kai. Zangunan kuma kamar uwa ɗaya ta haife su: doguwar ƙofa, fili a tsakiya, rumfuna huɗu suna kallon juna, ɗakunan bulo a jere.

"Anya ba nan muka wuce ɗazu ba?" in ji ta.

"Inna, sau uku ke nan kina tambayata. Na ƙirga, nan ne na huɗu."

Ta ƙirga ɗakuna, ta zagaya bayan bango, ta durƙusa kan wani ɗan tudu. Ta tsiyaya rabin kwalbar tana kuka, tana gaya wa uwar sunayen jikoki. Wani tsohon makiyayi da ke ajiye awakinsa a cikin zangon ya tsaya har ta gama, sannan ya tambayi Nosrat abin da ya kawo su.

"Na huɗu?" Makiyayin ya sosa gemu. "A ƙidayar yanzu ko ta masu raƙuma? Ai an rushe ɗaya da za a shimfiɗa kwalta. Wasu ma sun ce biyu ne."

Bibi Khawar ta dubi ƙasar da ta jiƙa, ta dubi kwalbar. To wa ta yi wa kukan? Kunya ta kama ta, sannan tsoro: ashe ta wuce uwarta a guje, tana cin busasshen inabi a gaban mota.

"Inna, addu'a ai ba ta ɓata hanya," in ji Nosrat. "Mu tafi."

"Kai da ka san ɗakin da aka haife ka, ba dole ka faɗi haka ba? Juya motar."

Suka koma baya. A zango na uku ta ɗiga kaɗan, a na biyu ma haka, don ba ta ƙara yarda da ƙidayar kowa ba. Da suka sake juyowa, tsakanin na uku da na huɗu Nosrat ya hango fasassun bulo a gefen titi, ya tsaya. Babu ƙofa a wurin, balle ta san ina ne dama.

Ta juye sauran ruwan a bakin kwalta, motoci suna wucewa.

"Inna," ta ce a hankali, "in nan kike, ni ce Khawar."