Ranar da Aka Hura Mini Ƙeya

Jiya bayan azahar, shinkafa da wake ta danne ni a kan tabarma, na yi wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a rai.

Akwai wata tsohuwar na'urar wasa a ƙarƙashin gadona, baƙa, da hoton kan bunsuru a samanta, irin wadda ake cusa wa kaset a jona da talabijin. Ta ɗana Isuhu ce tun yana sa gajeren wando. Yau Isuhu tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki, kamfanin da ya ƙera ta ma an ce ya daɗe da daina ƙira. Sai na yi wa Ɗanliti mai gwangwan alkawari ya zo da la'asar ya ɗauka, ya ba ni bahon roba. Jikata Mubashshira, 'yar jami'a, da ta ji sai ta ɗora hannu a ka.

"Iya, wannan fa tarihi ce! Ƙawayena har roƙo suke su ɗauki hoto da ita."

"A cikin tarihin zan yi wanki? Ƙawata, ke da wayarki cike da wasanni, me za ki yi da abin da sai an hura masa iska kafin ya tashi?"

Ta fita tana kumburi, ni kuwa na juya na yi barcina.

Sai ga ni a wani gari shafaffe kamar zanen bango. Kowa dama yake tafiya, ba a komawa hagu. Takalmina ɗaya ya cire, na juya in ɗauka, hanya ta ƙi. Ruwan sama daga ƙasa yake tashi, mutane sun kife lema a ƙarƙashin ƙafafunsu. Na dubi hannuna, duk kusurwa-kusurwa, kamar an jera kantun sukari. Ƙuli-ƙuli na rataye a iska ba igiya, in ka taɓa ya ce "tilin" ya ɓace, ba ka ci ba, ba ka ƙoshi ba.

Na iso bakin wata kwata. Na ce a shekaruna ba na tsalle, na taka, na faɗa, na mutu. Ba zafi, ba makoki, ba wanda ya daka ko gumba. Ga ni kuma a bakin kwatar da takalmi ɗaya. Wata tunkiya mai tabarau tana zaune a teburin ofis, ta ce, "Saura rai biyu, Hajiya."

"Ɗayan fa?"

"Kin zubar a kwata. A wuce gaba."

Sai ga ni a kasuwa. Wani tsohon bunsuru da babbar riga yana suyar awara, gemunsa na shiga mai. Na gane shi nan take, shi ne na kan na'urar Isuhu. Samari da 'yan mata sun kewaye shi, kowa da hotonsa a gaban riga, wani har yana goge masa kofato da hularsa.

"Baba, ba a sake yin irinka ba!" in ji wata yarinya. "Kiɗan wasanninka kaɗai ya ishe mu."

Bunsuru ya juya awara. "Lokacin da nake ƙerawa kuna ina?"

"Ba a haife mu ba, Baba."

"Iyayenku fa?"

Suka sunkuyar da kai. "Na'urar maƙwabcinka suka saya."

"To madalla. Ku matsa, kuna tare mini iska."

Ba su matsa ba. Ɗaya ya roƙi ya sa masa hannu a goshi, bunsuru ya dangwala masa kofato da yaji, yaron ya rantse ba zai ƙara wanke fuska ba.

Ina cikin dariya sai gwiwoyina suka ƙage. Jikina ya fara rawa, layi-layi, yau kore gobe ja, kamar talabijin da eriya ta karkace. Tunkiya ta zo ta danna mini hanci, shiru. Ta daka mini duka a baya, yadda muke wa talabijin ɗinmu a da, shiru.

"Ba ta tashi," ta ce. "Dokar gari, tsohon abin da bai tashi ba, sai sikeli."

Sai ga Ɗanliti da sikeli mai tsayin rimi. Aka ɗora ni a gefe ɗaya, bahon roba a ɗayan. Jama'a, bahon ya rinjaye ni. Na yi sama ina lilo da takalmi ɗaya.

Ɗanliti ya ƙwanƙwasa ƙaurina ya kasa kunne. "Ba jan ƙarfe a cikinta. Don mutunci dai zan ɗauka."

"Ɗanliti, ni ce fa! Ni na yi wa uwarka wankan jego!"

"Allah ya saka, Iya. A cikin buhun wankan jegon zan sa?"

Na hango Isuhu yana wucewa, tumbi a gaba, waya a kunne. Na ƙwala masa kira. Ya ɗaga mini hannu, "Iya, ina taro," ya yi dama abinsa. Ɗanliti ya buɗe buhu, na leƙa na ga tsoffin dutsen guga da kawunan keken ɗinki suna ta salati. Na tambayi tunkiya rayuka biyun da suka rage, ta ce a buhu ba sa aiki.

Can sai kasuwa ta ɗauki ihu. Wata ce ke tahowa hagu, abin da ba a taɓa yi ba a garin, tana ture mutane. Mubashshira.

"Ku sauke mini kakata! Ba ta lalace ba, ƙura ce."

Ta ɗauke ni da hannu ɗaya kamar kaset, ta kife ni, ta hura mini ƙeya. Fuuu! Ɓawon goro ya fita, da wata allura da nake nema tun auren Isuhu. Ta kafa ni a ƙasa, shiru.

"Ai na faɗa," in ji Ɗanliti.

"Malam, ba a tashi a hurin farko. Kowa ya san wannan."

Ta sake kife ni, ta cika kumatu, ta hura tun daga dama har hagu. Ta kafa ni da ƙarfi, ƙwas! Sai kiɗa ya tashi daga cikin ƙirjina. Na yi tsalle ɗaya na haye Ɗanliti da sikelinsa, na haye kwatar, na koma hagu na ɗauko takalmina. Yara suka ɗau tafi. Bunsuru yana kuka, hawayensa na tashi sama.

Ganga ta fara, dum, dum, dum. Na buɗe ido, ashe Ɗanliti ne a zaure yana buga gindin baho. "Gwangwan! Iya, na iso!"

Na miƙe da ƙyar, na nuna masa keken motsa jikin Isuhu, wanda tunda aka saya shanya kawai ake a kai. Ya ɗauka har da godiya, ya bar bahon.

Da na dawo na tarar da Mubashshira ta jawo na'urar, tana hura wa kaset iska, ba ta ko kalle ni ba. Na zauna kusa da ita, na miƙe ƙafa.

"Ƙawata, in kin gama da wannan, ga gwiwa."